Neman Gurbin Digirin Digirgir Daga Garwa, Marwa ko Njamena: A Fara Da Malami, Jarrabawa Ta Biyo Baya

Wanda ya yi lisans da mastar a Ngaundere, ko Marwa, ko Jami'ar Njamena, ya saba da tsari guda: a buɗe rajista, ka haɗa dosiye, ka biya, ka jira a manna sunaye. Digiri na uku a waje ba haka ake samunsa ba. Abu biyu kake nema: malamin da zai yarda ya riƙe aikinka shekara uku zuwa shida, da kuɗin da za su riƙe ka tsawon lokacin. Fom da jarrabawar Turanci da fassarar takardu duk bayan waɗannan suke zuwa. Yaranmu da yawa suna farawa ta wutsiya. Sai mutum ya tara kuɗin jarrabawa da kyar, ya hau mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya zana, ya dawo, sannan ya tarar sashen da yake so bai ma nemi wannan jarrabawar ba.

Ka ba wa aikin shekara guda cur. In kana son fara karatu a Satumbar baɗi, to daga damunar bana za ka soma.

Da farko, ka san tsarin ƙasar da ka nufa

A Faransa doktora shekara uku ce a ƙa'ida, kuma ba ka shiga makarantar doktora sai wani malami ya amince ya zama daraktan aikinka. Ba kowane malami ke da wannan hurumin ba, sai farfesa ko mai HDR, wato shaidar izinin jagorantar bincike. Mastar ta bincike suka fi so. Mai mastar ta sana'a yana iya shiga, amma sai ya nuna ya taɓa yin bincike na gaske. Kuɗin yawanci ta kwantiragin doktora suke zuwa, wato aiki ne da albashi, kuma doka ta sa mafi ƙarancinsa Yuro 2,200 a wata a 2025 kafin a cire haraji da sauran kuɗaɗe. Ka lissafa da sefa 655.957 kan kowane Yuro, amma kada ka manta da kuɗin hayar ɗaki a can. Ana tallata batutuwan da aka riga aka samo wa kuɗi a shafukan ADUM da ABG da na Campus France, mafi yawa daga Maris zuwa Yuni. Akwai kuma tsarin kotutel, inda jami'arka ta gida da ta Faransa ke riƙe aikin tare, kana kai-komo tsakaninsu. Ga mai iyali ko mai aikin koyarwa a gida, ni dai ban ga tsarin da ya fi wannan dacewa ba.

Jamus da Ingila da Kanada su ma malami ake fara samu a mafi yawan fannoni. A Kebek, jami'o'in Laval da Montreyal da Faransanci suke koyarwa, don haka dosiyenka ba ya bukatar fassara. Jamus tana da tallafin DAAD, kuma Jami'ar Bayreuth tana da makarantar doktora ta nazarin Afirka da ake kira BIGSAS. Tallafin Commonwealth na Ingila ɗan Kamaru yana iya nema, tunda ƙasar ta shiga ƙungiyar a 1995. Ɗan Chadi ba ya cikin wannan.

Amurka daban take. Sashe kake nema, kwamitin malamai ne ke zaɓe, karatun kuma yakan kai shekara biyar zuwa shida, biyun farko a aji da jarrabawar cancanta kafin a sake ka ga bincike. Akasarin sassa suna rufe karɓar takardu tsakanin 1 ga Disamba da tsakiyar Janairu. Sashe mai kyau in ya ɗauke ka, zai yafe kuɗin makaranta ya kuma ba ka alawus a madadin koyar da ƙananan ɗalibai ko aiki a ɗakin bincike. Gurbin da aka ce ka biya da kanka, ka gode musu ka wuce.

Kada kuma ka raina maƙwabta. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, wadda ke cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa wa. Shirin RSIF, wanda cibiyar icipe ta Nairobi ke gudanarwa, yana biya wa 'yan Afirka doktora a jami'o'in Afirka. 'Yan'uwa mata masu karatun kimiyya su duba tallafin OWSD.

Neman malamin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ganganci.

Kada ka fara da jerin sunayen manyan jami'o'i. Ɗauko kundin mastarka, ka buɗe shafukan ƙarshe inda ka jera littattafai da muƙalun da ka karanta. Su wane ne ka fi ambata? Waɗanne ne ke raye suna aiki har yanzu? Saka sunayensu a Google Scholar, ka ga abin da suka wallafa a shekara uku da suka wuce, da waɗanda suka yi rubutu tare da su. In Faransa ce, shafin theses.fr yana nuna kundayen da aka kare da waɗanda ake kan yi, da sunan daraktan kowanne. A nan za ka gane ko malamin ya taɓa riƙe ɗalibi daga yankinmu, ko ɗalibansa suna gamawa, ko kuma yana da mutum takwas a hannu ba wanda ya fita. Muƙalun da yawa suna nan kyauta a HAL, rumbun muƙalu na Faransa a intanet. Wadda ba ka samu ba, ka roƙi marubucinta, mafi yawansu sukan turo, kuma ka ga an buɗe ƙofar magana.

Sannan ka je wurin malamanka na gida. Da yawansu a waje suka yi nasu karatun, ko suna da abokan aiki a IRD ko CIRAD, cibiyoyin bincike na Faransa, da ke zuwa bincike Arewa. Layi uku daga wanda ya duba kundinka zuwa ga tsohon abokinsa sun fi wasiƙa ashirin daga baƙo. Ka je ofis da ƙafarka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Malam, ina son ci gaba, wa kake ganin ya dace da irin aikina?" Kada a ji labarin tafiyarka a bakin wasu.

In ka tara mutum goma zuwa goma sha biyar, sai rubutu. Lamarin kamar neman aure ne: wanda ya aika saƙo iri ɗaya gida arba'in, kowane gida zai gane ba shi aka nufa ba. Malaman nan suna samun wasiƙun da aka kwafa aka canza suna kawai a kowace rana, kuma ba sa wuce layin farko.

Mu ɗauka kai ɗan Marwa ne, ka yi mastar a kan dawar muskuwari da ake dasawa a ƙasar karal bayan ruwa ya janye. A kan saƙon ka rubuta abin da kake nema a fili: neman gurbin doktora, shekarar kaza, dawar rani a Arewa Mai Nisa. Cikin wasiƙar, da Faransanci ko Turanci, abin da za ka ce bai wuce wannan ba: Farfesa wance, ni ne wane, na kammala mastar a fannin kaza a Jami'ar Marwa a shekarar kaza. Na yi aiki da manoman ƙauyuka kaza kan lokacin dashe da riƙon danshin ƙasa. Na karanta muƙalarki ta shekarar kaza, inda kika nuna abu kaza. A gonakin da na auna na ga abin da ya saɓa, kuma ina zaton dalilin shi ne kaza. Wannan nake son bi a doktora. Shin za ki ɗauki ɗalibi a shekara mai zuwa, kuma akwai hanyar kuɗi da kike ganin zan nema? Na haɗa takardar tarihin karatuna da taƙaitaccen bayanin aikin a shafi ɗaya.

Shi ke nan. Kada ta wuce abin da za a karanta a fuskar waya ba tare da an gaji ba. Mu mun taso da doguwar gaisuwa, da salon wasiƙar gwamnati mai cewa ina da babbar daraja in zo gaban girmanka. A wannan wasiƙar gaisuwa layi ɗaya ce. Kada ka ba da labarin talauci ko maraici, ko da gaskiya ne. Malamin ba shi da asusun taimako, abokin aiki yake nema. Kada ka ce a shirye kake ka yi kowane batu, domin hakan na nufin ba ka da naka. Ka duba ko mace ce ko namiji kafin ka rubuta. Adireshin imel ɗinka ya zama sunanka, ba laƙabin da abokai suka sa maka ba.

Abin da kake da shi wanda ɗalibin Turai ba shi da shi, ka faɗe shi ba kunya. Kana jin Hausa da Fulatanci ko Larabcin Chadi, ka san yadda ake shiga wurin lawan ko jauro kafin a yi wa manomi tambaya, kana iya zuwa bakin Logon ko yankin Tafkin Chadi a lokacin da baƙo ba zai samu izini ba. Ga mai binciken ƙasa, ko lafiya, ko harshe, ko tarihi, wannan jari ne.

In mako biyu suka wuce shiru, ka sake turawa sau ɗaya, layi biyu. In an sake shiru, ka wuce gaba, kada ka bi shi a Facebook ko ka nemo lambarsa ta WhatsApp. Ka guji watan Agusta in Faransa ce, kowa na hutu. Don Amurka, Satumba da Oktoba ne lokacin. Amma a can ka karanta shafin sashen tukuna: a fannonin da ake aiki a ɗakin gwaji, amincewar malami tana da nauyi sosai, a tattalin arziki ko lissafi kuwa kwamiti ne ke yanke hukunci, wasu sassan ma sun rubuta ƙarara cewa ba sai an tuntuɓi kowa ba. Kuma in malamin Amurka ya amsa da cewa yana ƙarfafa maka gwiwa ka nema, ladabi ne kawai, bai yi maka alkawari ba. Wanda ya ce ku yi magana ta bidiyo, ko ya yi maka tambaya kan aikinka, shi ne ya nuna sha'awa.

Jarrabawa: sai ka tabbatar ana bukata

Yanzu kana da jerin sassa. Buɗe shafin kowanne ka rubuta a takarda: wace jarrabawa suke so, maki nawa, zuwa yaushe.

Ta Turanci ita ce ta fi yawa. TOEFL an daɗe ana auna ta da maki 120, sassa da yawa suna neman 80 zuwa 100. Daga Janairun 2026 aka koma ma'aunin 1 zuwa 6, don haka ka duba wanne shafin sashen ke nufi. IELTS daga 0 zuwa 9 take, an fi neman 6.5 ko 7. Jarrabawar Duolingo ta fi su araha nesa ba kusa ba, a gida ake yi cikin kamar awa ɗaya, makinta zuwa 160, sai dai ba kowace jami'a ke karɓa ba. Dukkansu shekara biyu suke aiki, saboda haka kada ka yi da wuri har ta mutu kafin ka yi amfani da ita. Kamaru tana da harsunan gwamnati biyu, shi ya sa wasu jami'o'i ke yafe wa 'yan ƙasar jarrabawar, wasu kuwa sai wanda ya yi digirinsa da Turanci. Ka tambaya a rubuce, ka ajiye amsar.

GRE kuwa, jarrabawar da ke auna rubutu da harshe da lissafi, tun daga 2020 sassa masu yawa a Amurka suka daina nema ko suka mai da ita ganin dama. Inda ake nema, kuɗinta a 2024 Dala 220 ne a mafi yawan ƙasashe, tana aiki shekara biyar. Tun Satumbar 2023 aka rage ta zuwa ƙasa da awa biyu: rubutu ɗaya da ake ba maki 0 zuwa 6, sai ɓangaren harshe da na lissafi, kowanne 130 zuwa 170. In sashe ya ce ganin dama ne, shawarata ita ce: mai neman injiniya ko tattalin arziki da ya san zai haura 160 a lissafi ya yi, domin kwamitin da bai san jami'arsa ba zai samu ma'aunin da ya sani. Wanda ba haka ba ya riƙe kuɗinsa. Lissafin bai fi na sakandare ba, wanda ya yi bak C ko D ba zai ga baƙon abu ba, sauri ne matsalar. A ɓangaren harshe Faransancinka zai taimake ka, tunda manyan kalmomin da ke wahalar da Amurkawa da yawansu daga Latin suke.

Ƙananan abubuwa biyu suna cin makin 'yan makarantar Faransanci. Na farko allon rubutu: ka saba da AZERTY, jarrabawar kuwa da QWERTY ake yi, harafin A da Q da M duk sun sauya wuri, agogo kuma yana tafiya. Ka sauya tsarin kwamfutarka wata biyu kafin ranar. Na biyu waƙafi a lamba: abin da muke rubutawa 1,5 su 1.5 suke rubutawa, 1,500 kuma a wurinsu dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Kamfanin ETS, mai shirya TOEFL da GRE, yana da gwajin POWERPREP na GRE kyauta, ka yi shi a zaune ɗaya da agogo.

TOEFL da GRE ana iya yinsu a gida, mai sa ido yana kallonka ta kyamara. Kafin ka zaɓi wannan ka tambayi kanka ko kana da ɗakin da ba mai shigowa har awa biyu, da intanet da ba ya yankewa, da batirin da zai riƙe in an ɗauke wuta. In babu, tafiya Yawunde ko Duwala ta fi asarar kuɗin gaba ɗaya. Fasfo za ka nuna, kuma sunan da ka yi rajista da shi dole ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi. Mu da yawa takardar haihuwarmu ba ta bambanta sunan yanka da sunan mahaifi ba, wani Mohamadou ne a nan Mahamat a can. Ka zaɓi yadda fasfo ya rubuta, ka bi shi a ko'ina.

Dosiyen kansa

Takardun maki na kowace shekara, da shaidar kammalawa, ka nemo su tun yanzu, ka san yadda ofisoshin rajista suke. In ainihin difloma bai fito ba, ka tambayi sashen ko za su karɓi atestasiyon. Ƙasashen Turanci za su so fassara daga mai fassarar da aka rantsar. Wasu jami'o'in Amurka suna neman tantancewar WES, hukumar da ke tantance takardun karatun ƙasashen waje, wadda ke bukatar jami'arka ta aika takardun da kanta, abin da kan ci watanni. Da yawa kuma sukan karɓi hoton takardun a matakin nema, sai an ɗauke ka su nemi na asali.

Makinmu a kan 20 yana ruɗa su. Baturen da ya ga 13 zai lissafa kashi 65 cikin ɗari ya ɗauka kai matsakaici ne, bai san cewa a wasu sassanmu wanda ya zo na ɗaya bai wuce 14 ba. Kada ka juya makin da kanka sai an ce ka yi. Ka roƙi masu rubuta maka wasiƙar shaida su faɗi matsayinka: na nawa cikin mutum nawa.

Wasiƙun nan uku ake so. Jami'ar ce ke aika wa malamin mahaɗi ta imel, shi zai ɗora da kansa. Ka ba shi mako shida, da tarihin karatunka, da jerin ranakun rufewa, ka kuma gaya masa ya duba akwatin saƙonnin banza, can mahaɗin kan faɗa. In yana da adireshin jami'a ya yi amfani da shi. Wanda ya san aikinka ya fi mai babban muƙamin da bai san fuskarka ba. Inda fom ya tambaya ko ka yafe haƙƙin ganin wasiƙar, ka ce ka yafe. An fi yarda da irin wannan.

Bayanin manufa, shafi ɗaya zuwa biyu, ba tarihin rayuwa ba ne. Wace tambaya ce, me ka riga ka yi a kanta, me ya sa wannan sashen, waɗanne malamai biyu ko uku. Turai sun fi son cikakken tsarin bincike mai hanyar aiki da jadawalin shekara uku. In ka sa na'ura ta rubuta maka, ranar hira za a gane. Kuma kada ka biya wata mujallar intanet ta buga maka muƙala cikin mako ɗaya don ka cika takarda; malamai sun san irinsu, kuma tana rage maka daraja.

Kuɗin nema, hira, da biza

Yawancin jami'o'in Amurka suna karɓar kuɗin nema, sau da yawa tsakanin Dala 50 da 125. Ka rubuta wa mai kula da shirin ka nemi a yafe maka tun kafin lokaci ya ƙure, wasu suna yi. Biyan da katin Visa ne, don haka ka nemi kati a banki ka gwada shi da wuri. Ofishin EducationUSA da ke ƙarƙashin ofishin jakadancin Amurka yana ba da shawara kyauta. Duk wanda ya ce ka turo masa ta Orange Money ko Airtel Money zai samo maka gurbi, ɓarawo ne.

Ka lura da agogo. Ƙarfe 11:59 na dare a Niyok cikin Disamba, 5:59 na asubar gobe ne a Garwa. Kada ka dogara da wannan rarar, ka tura kwana uku kafin ranar.

In an kira ka hira, ka nemi wuri mai intanet mai ƙarfi, ka tanadi layi na biyu. Ka iya bayyana aikin mastarka cikin minti biyu. Kai ma ka yi tambaya: kuɗin na shekara nawa ne, ya haɗa da inshorar lafiya, akwai kuɗin dawowa gida aikin fili? Ka nemi ɗaya daga cikin ɗalibansa ka tambaye shi yadda malamin yake. A Amurka amsoshi suna fitowa daga Fabrairu zuwa Maris, kuma yawancin jami'o'i sun amince cewa ba za a tilasta maka karɓar tayin kuɗi kafin 15 ga Afrilu ba.

Bayan nan sai biza. In Amurka ce, jami'ar za ta aiko maka takardar I-20, shaidar ɗaukarka ɗalibi, ka biya kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗalibai baƙi, da na neman biza, waɗanda a 2025 Dala 350 ne da Dala 185. 'Yan Chadi su lura sosai: a Yunin 2025 Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashe 12 da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, saboda haka kafin ka kashe ko sisi a wannan hanyar ka duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadanci, ka kuma riƙe Faransa, Kanada ko Jamus a hannu. Mai kwantiragin doktora a Faransa jami'ar za ta ba shi takardar karɓar mai bincike, da ita ake neman bizar masu bincike, wadda ke ba da damar iyali su biyo. In kuma niyyarka ka dawo ka koyar a Marwa, Garwa, Ngaundere ko Njamena, ka tabbatar jami'ar da za ka je ƙasarta ta amince da ita, domin in ka dawo sai ma'aikatar ilimi mai zurfi ta daidaita digirin kafin a ɗauke ka.